Abin da ɗinkin hula ya koya mini bayan karatun kwamfuta

Tun daga ajin farko na babbar sakandare ake raba yaranmu gida biyu. Wanda kansa ke ja a lissafi a tura shi ajin kimiyya, sauran a ce su nufi ɓangaren adabi, kuma kowa ya san wanda iyaye suka fi alfahari da shi a gaban baƙi. Daga ranar, yaron da ke zana doki a bayan littafinsa sai ya daina, domin an nuna masa cewa mai son zama injiniya ko likita ba ya ɓata lokaci a kan zane. Ta wannan hanyar na bi har na karanta ilimin kwamfuta a nan Bauchi. Yanzu ina aiki a wani shagon monogiram kusa da kasuwar Wunti, ina tsara aikin wuyan riga a kwamfuta, inji ya ɗinka. Abin da na gani tsakanin aji da shago ya sa na yarda cewa rabon nan yana cutar da mu ta fuska biyu. Yana rage mana ƙwarewa a kimiyyar kanta, yana kuma raba mu da wata hanyar samun sauƙin rai da iyayenmu suka daɗe da sani.

Damuwar ɗalibi a wajenmu ba wani babban abu ɗaya ba ne da za ka nuna da yatsa. Ƙananan abubuwa ne suke taruwa. Kana tsakiyar rubuta manhaja a ɗauke wuta, batiri ya mutu. Data ta ƙare ranar da za ka miƙa aiki. Zafin Maris da Afrilu ya hana ka zama a ɗaki. A gida kuma ana lissafin ranar da za ka gama ka fara sa hannu a cefane. Sai ka kwanta a gajiye amma ido biyu, ƙirji na bugawa, kana maimaita abu ɗaya a zuci har a kira assalatu. Na san abokan karatu masu ƙwaƙwalwa da suka nemi mafita a tiramol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana shigowa da shi da sarrafa shi a 2018, kuma har yau zuciyata tana sosuwa idan na tuna su.

A yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, zaman ya fi karatun wuya. Lokacin ne na fara zama wajen wani dattijo maƙwabcinmu a unguwar Jahun, mai ɗinkin hula, da ke shimfiɗa tabarmarsa a gindin dogon yaro bayan la'asar. Hira kawai ta kai ni. Wata rana ya miƙo mini ƙyalle da allura ya ce, "Ɗana, hannun da ba ya riƙe da komai shi ke tara wa zuciya kaya. Karɓi." Na ce, "To, Baba," na karɓa.

Wanda bai taɓa duba hula kusa da ido ba zai ɗauka fenti ne aka shafa. Farin ƙyalle ne ake fara yi wa zane da biro da rula, a ja layuka a tsaye da kwance har ya cika da ƙananan gidaje. Mai ɗinki ya huda gida ɗaya da allura, ya zagaye hudar da zare har ta zama ɗan ido, ya matsa gida na gaba. Haka zai yi ta yi, dubbai, kowane ido da launinsa da mazauninsa. Idan ka ja zaren da ƙarfi ƙyallen ya tattare, idan ka sake shi idon ya buɗe baki. Baba yakan riƙe ƙyallen a naɗe a yatsansa na hagu, babban yatsa yana danne wurin da allura za ta fito, kuma ba ya duban hannunsa sai zai sauya launi. Ni kuwa kwanakin farko yatsana duk huda ne.

Ina cikin wannan ne na fara gane abin da ke gabana. Hoton da ke fuskar waya ma ƙananan ɗigo ne a jere, kowane ɗigo da lambar mazauninsa da lambar launinsa. Zanen hula kuma gaɓa ɗaya ce ake maimaitawa har a zagaye kai, daidai da umarnin maimaici da aka koya mana a darasin farko na rubuta manhaja. Har da rabawa a ciki: idan hula mai inci 22 ce, dole mai zane ya raba tsawon ƙyallen da adadin gaɓoɓin yadda ba za a sami saura ba, in ba haka ba inda aka haɗe bakin hular zai tona asiri, rabin fure ya haɗu da cikakke. Baba bai taɓa zama a ajin lissafi ba, amma da ido yake gane zanen da ba zai rufe daidai ba tun kafin a sa masa allura.

Da na koma karatu na bi tarihin abin, sai na tarar dangantakar ta wuce kama. A 1804, a birnin Liyon na Faransa, Joseph Marie Jacquard ya fito da injin saƙa da ke karanta zane daga katuna masu huda. Inda akwai huda zare ya ɗaga, inda babu ya zauna. Charles Babbage na Ingila ya ɗauki dabarar katunan nan ya sa a tsarin injin lissafin da ya zana a shekarun 1830, Ada Lovelace kuma ta rubuta bayani a kan injin a 1843, wanda a cikinsa akwai abin da mutane da yawa ke ɗauka a matsayin manhaja ta farko da aka wallafa. A 1890 da katuna masu huda aka tattara ƙidayar jama'ar Amurka. Wato kwamfutar da nake taƙama da ita a wajen masaƙa ta koyi karɓar umarni. Na yi shekaru a aji, ban ji wannan ba sai da na nema da kaina, kuma ina ganin da da shi ake buɗe darasi, da yaran da suka tashi a gidan saƙa da ɗinki sun shiga ajin kwamfuta da ƙarfin gwiwa.

Mu ma muna da namu. Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bafulatanin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a 1732 a kan yadda ake tsara lambobi a gidajen hatimi su ba da jimilla ɗaya ta kowane ɓangare, kuma masana tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. A nan kusa da mu, a Kafin Madaki ta ƙaramar hukumar Ganjuwa, akwai Gidan Madaki da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, aka sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1956. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin bakan gizon irin wannan gini zai ga kyau, amma kyan yana kan sanin iyakar nauyin da azara za ta ɗauka da yadda za a jera ta, wata ta tallafi wata, har a rufe ɗaki mai faɗi da ƙasa. Magini ɗaya ne ya yi lissafin ya kuma yi adon, ba wanda ya ce masa ya zaɓi ɗaya.

Maganar sauƙin rai kuwa, a jikina na fara jin ta kafin in karanta dalilinta. Idan mutum ya shiga fargaba, wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda suna sakin sinadaran adiranalin da kotisol. Zuciya ta ƙara gudu, sukari ya ƙaru a jini, jiki ya yi shirin gudu ko faɗa. Rahama ce idan hatsari ne na ɗan lokaci. Matsalar ita ce jiki yana amsa tunanin bashi da na jarrabawa da irin wannan shiri, kuma idan abin ya daɗe barci ya lalace, hawan jini ya samu ƙofa. Ɗinkin hula yana riƙe hankali daidai gwargwado. Bai yi wuyar da zai gajiyar da kai ba, bai kuma yi sauƙin da zai bar ka ka koma tunanin jiya ba, domin da zarar ka tafi tunani ka tsallake gida. Numfashi yana daidaita da tafiyar allura, kuma sananne ne cewa bugun zuciya yana raguwa yayin fitar da numfashi. Sannan ga abin da manhaja ba ta cika ba ni ba: in na tashi ina ganin inda na kai da idona. Ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoto a 2019 bayan nazarin wallafe-wallafe sama da 900, ya nuna cewa ayyukan zane, kiɗa, waƙa da makamantansu suna taimakawa wajen kare lafiya da jinya. Na ji daɗin ganin rahoton, ko da yake matan da ke saƙar faifai da tabarma a tsakar gida sun riga shi sani.

A shago ne na ga amfanin zaman gindin dogon yaro a fili. Injin monogiram ba ya ganin hoto. Jerin lambobi yake karantawa daga filash: matsa dama kaza, matsa sama kaza, soka, yanke zare, sauya launi, kuma a irin fayil ɗin da muka fi amfani da shi ma'aunin taku ɗaya kashi ɗaya ne cikin goma na milimita. Yana soka ɗaruruwan ɗinki a minti guda. Wata rana muka ɗora tambarin babbar riga a kan shadda. A kwamfuta da'ira ce cif, amma da aka cire firam sai ga ta kamar ƙwai. Ana ta duba inji, ana zargin bel da allura. Ni kuwa yatsana ya tuna ƙyallen da ke tattarewa idan na ja zare. Zare yana jan yadi ciki ta fuskar da ɗinkin ya bi, saboda haka sai ka ƙara wa zanen ɗan faɗi ta wannan fuskar, ka fara shimfiɗa ɗinki mara kauri a ƙasa ya riƙe yadin, ka kuma sa gam mai ƙarfi a baya. Manhajar tana da wurin gyara wannan, amma ba za ta faɗa maka nawa za ka ƙara wa shadda mai santsi ba, nawa kuma ga yadi mai laushi. Wanda ya taɓa jan zare da hannunsa shi ke da wannan awon.

Makonni biyun da ke gaban Salla su ne jarrabawarmu. Kaya sun cika shago, kowa alhaji ne mai tafiya gobe, ga kuɗin man janareta da ya ninka tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Zare ya tsinke, kwarkwaro ya ƙare a tsakiyar aska takwas, waya na ta ƙara. Abin da ke riƙe ni a lokacin ba shi da yawa. Ba na karɓar aikin da na san lissafin ɗinkinsa ya fi awannin da suka rage, ko da mai kayan zai ji haushi, domin yawan ɗinki a raba da gudun inji yana faɗa maka gaskiyar lokacin da za ka gama. In an kira salla na kashe inji na fita, ba na cewa bari wannan wuyan ya ƙare. Da dare kuma, kafin in kwanta, waya tana aljihun riga a rataye, ni ina kan hulata ko da layi biyu ne. Akwai dararen da hakan ba ya isa, kuma dole in faɗi wannan da babbar murya: wanda ya yi makonni ba barci, ba cin abinci, ko ya fara jin rayuwa ta fita daga ransa, allura ba za ta wadatar da shi ba. Ya je asibiti ya ga likita, ya kuma faɗa wa wani nasa. Babu abin kunya a ciki.

Akwai abin da ke damuna a sana'ar nan, ba zan ɓoye ba. Aikin da mai surfanin hannu zai yi makonni a kansa, injinmu yana gama mai kama da shi kafin azahar, a kuɗin da bai kai nasa ba. Masaƙan Liyon ma sun yi adawa da injin Jacquard saboda tsoron rasa abincinsu, duk da haka zuwa 1812 akwai irin injin kusan 11,000 a Faransa. Ba na tsammanin namu zai koma baya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yawancin zanen da ke yawo a filash ɗin shagunanmu kwafi ne na kwafi, wasu ma daga intanet aka sauko da su, alhali dattawan da suka san sunan kowace gaɓa a jikin riga da dalilin zamanta a wurin suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Na roƙi maigidana, ya kuma amince, cewa duk zanen da muka ɗauko daga hannun mai surfani za mu biya shi, mu rubuta sunan zanen yadda ya faɗa. Yara biyu da ke koyon aiki a wajenmu kuma sai sun ɗinka wuya ɗaya da hannu kafin in bar su su taɓa kwamfuta. Ɗayansu ɗalibin kimiyya ne a aji biyu na babbar sakandare, kuma mahaifinsa ya zo har shago ya tambaye ni ko ɗinkin ba zai shiga hakkin karatunsa ba. Na ce, "Baba, a ba shi zango ɗaya, sannan a duba sakamakonsa na lissafi." Ya yi shiru kaɗan ya ce Allah ya yi albarka, yaron ya ci gaba da zuwa ranar Asabar da Lahadi.