Mako na biyar: kafaɗa ta dare, na sare ƙafafu

Abokan koyo, sannunmu da ƙoƙari. Ga inda na kwana a wannan makon.

Kun tuna mutum-mutumin da nake son ginawa da yumɓu: mutum ya sunkuya yana tafiya, iska na tura shi baya. A takarda ya yi kyau. Na lanƙwasa waya mai kauri ta zama ƙashinsa, na liƙa yumɓu a kai, tsayinsa santimita 30, na bar shi kwana uku ba leda. Da na dawo kafaɗa ta dare, gwiwar hagu ta tsage har ana hango wayar. Laifina ne. Yumɓu yana tsukewa yayin da ruwansa ke fita, daga ɗanye zuwa gasasshe yakan rage kusan kaso 10 cikin 100, ita kuwa waya tana nan yadda take.

Malam bai yi mini faɗa ba. Dunƙulen yumɓu ya miƙo mini, ya ce in yi ƙanana tukuna, waɗanda ba su fi tafin hannu ba. Henry Moore, shahararren mai sassaƙa na Ingila, ma da irin waɗannan yake fara manyan ayyukansa. Na yi guda bakwai a zama ɗaya, kuma a na biyar ne idona ya buɗe: ashe ƙafafun nan ba su ƙara komai, lanƙwasar bayan kaɗai ta nuna iskar. Na sare su. Da ƙafafun suka tafi, waya ma ta tafi.

Sabon da na gina na cuɗa masa dakakken tsingaro don ya rage tsukewa. Da ya fara tauri na raba shi biyu da zare, na rarake cikinsa har kaurin bai wuce santimita 2 ba, na haɗe, na huda ƙaramin rami a ƙasa. Yana cikin leda yanzu yana bushewa a hankali, domin damshin da ya maƙale ciki tururi yake zama a tanderu ya fasa aiki.

Na kuma taɓa filasta, farar hodar nan da ake kwaɓawa da ruwa ta daskare. Ita ake barbaɗawa cikin ruwa, ba ruwa ake zuba mata ba. Na tsaya neman cokali, kafin in juyo ta yi ɗumi ta daskare a kwano. Gaskiya ba ta kwanta mini ba, farinta yana shanye inuwar da nake nema. Kuma ku kiyaye kada gutsurenta ya shiga yumɓu, bayan an gasa yakan ɓalle fuskar aiki.

Wanda ya taɓa gwada kakin zuma a cikinku, yaya yake riƙe lanƙwasa siririya?