Titin Char Dham da tsaunukan Himalaya

Mu da muke zaune a Katsina, inda ƙasa take shimfiɗe tun daga Kankiya har zuwa Jibiya, ba mu cika tunanin cewa titi yana iya zama haɗari ga ƙasar da aka shimfiɗa shi a kanta ba, domin a wurinmu damuwar ita ce kwangila ta daɗe ba a kammala ba, ko ruwan damina ya cinye gefen kwalta. A jihar Uttarakhand da ke arewacin Indiya lamarin ya sha bamban.

A can ne wurare huɗu masu tsarki ga mabiya addinin Hindu suke, wato Yamunotri da Gangotri da Kedarnath da Badrinath, waɗanda ake kira Char Dham. Ana buɗe su wata shida kawai a shekara, saboda ƙanƙara tana rufe hanya idan sanyi ya kama. A watan Disamban 2016 Firaminista Narendra Modi ya aza harsashin aikin faɗaɗa hanyoyin da ke kaiwa gare su, mai tsawon kusan kilomita 900, a kan kuɗin Indiya rufi biliyan 120. Duk wanda ya ji labarin yadda kakanninmu suke shafe shekaru a hanyar Makka ta Sudan ba zai raina buƙatar tsoho mai son isa wurin ibadarsa cikin sauƙi ba.

Abin da ban gamsu da shi ba shi ne yadda aka tsara aikin. An datsa shi gida 53, kowane yanki bai kai kilomita 100 ba, wanda hakan ya sa aka kauce wa binciken tasirin muhalli da doka ta wajabta wa manyan ayyuka, alhali tsaunukan Himalaya duwatsunsu ba su da ƙwari, kuma ambaliyar Kedarnath ta 2013, wadda ta hallaka dubban mutane, ta riga ta nuna halin yankin. Idan aka sare gindin tsauni domin a ƙara faɗin titi, ruwan sama na farko yana iya zaftaro ƙasa a kan hanyar da kuma ƙauyukan da ke ƙasanta.

Magana ta kai Kotun Ƙoli. A 2020 ta taƙaita faɗin titin zuwa mita 5.5, amma a Disamban 2021 ta amince da mita 10 a hanyoyi uku bayan da ma'aikatar tsaro ta ce sojoji suna buƙatarsu domin kai kayan yaƙi iyakar ƙasar da Sin. Ba da jimawa ba Ravi Chopra, shugaban kwamitin da kotun ta naɗa ya sa ido a kan aikin, ya ajiye muƙaminsa.

A ranar 12 ga Nuwamban 2023 wani ɓangare na hanyar da ake haƙawa cikin dutse a Silkyara, a ƙarƙashin wannan aikin, ya rufta, ma'aikata 41 suka maƙale har kwana 17. Babban injin haƙa ya karye a cikin ɓaraguzai, sai aka kira masu haƙar rami da hannu, suka riƙa tono a cikin bututu kamar yadda masu haƙar rijiya suke yi a ƙauyukanmu, har aka fito da mutanen baki ɗaya da ransu a ranar 28 ga watan.