Godiya bayan na sauka daga kujerar ƙungiya

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, taron miƙa ragamar ƙungiyarmu ta masu ƙananan masana'antu a nan Jos ya tashi lafiya ranar Asabar. A wurin taron murya ta shaƙe min, rabin abin da na shirya faɗi bai fito ba, shi ya sa na zo nan.

Zan fara da mutumin da ya ƙi ni. Ranar da aka kawo sunana don shugabancin ƙungiya, shekara huɗu ke nan, wani dattijo mai injin niƙa a Katako ya miƙe ya ce, "Honarabul, kai fa ko bel ɗin inji ba ka taɓa ɗaurawa ba. Ka sha ƙasa a zaɓe ne kake neman inuwa." Ɗaki ya yi tsit. Kuma bai yi ƙarya ba. Na yi kansila, na nemi majalisar jiha aka kayar da ni, 'yar masana'antar garin masarar da nake taƙama da ita kuwa ƙanena ke fama da ita. Baba, daren nan ban iya cin tuwo ba. Amma maganarka ce ta tura ni bin shaguna ɗaya bayan ɗaya, daga masu walda na Dilimi har matan da ke yin sabulu a Gangare, ina tambaya kamar ɗan koyo.

A can na gane cewa ba rashin wuta kaɗai ke karya mai niƙa ba. Wuta marar ƙarfi ta fi illa, don ita ke ƙona kowil, a kai wa mai rewaya, inji ya kwana biyar a kwance alhali yaran shago na jiran sallama. Wata Hajiya mai sabulu ta zaunar da ni kan benci ta yi min lissafi da alli a ƙasa: man alayyadi daga Kudu yake zuwa, soda kuma daga waje, saboda haka motsin dala da kuɗin mota duk a cikin sandar sabulunta suke ƙarewa, ita kuwa ba ta isa ta ƙara wa mai saye ko sisi ba tare da ya koma wani wuri ba. Hajiya, duk zaman da na yi a zauren kansiloli ba a taɓa koya min abu a fili haka ba. Allah ya saka da alheri.

Sai ga jarrabawa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta, sannan a Afrilun 2024 kuɗin wuta na rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, ya koma naira 225 kowane yunit. Wasunmu sun rufe, ban ɓoye wannan ba a taro, ba zan ɓoye a nan ba. Abin da siyasa ta bar min kaɗai na iya kawowa: na san yadda ake zaman jira a ƙofar ofis daga safe har la'asar ba tare da fushi ba, na san takardar da ake karantawa da wadda ake turawa ƙarƙashin fayil. Da wannan muka yi ta sintiri kan harajin da ake karɓa sau biyu da suna daban-daban. Amma shawarar haɗa kuɗi a sayi soda da ƙarfe a sari ba tawa ba ce, ta matan ƙungiya ce, daga adashensu suka ɗauko ta. Na faɗa ne don na ji ana jingina min ita.

Ɗana da ke karatu a Jami'ar Jos ya so ya ba ni ƙarfin gwiwa tun farko. Ya ce ai John Engler ya yi gwamnan Michigan a Amurka daga 1991 zuwa 2003, sannan a 2004 ya karɓi jagorancin babbar ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasarsu. Ya ƙara da Kola Jamodu, wanda ya yi ministan masana'antu zamanin Obasanjo kafin ya shugabanci MAN, ƙungiyar masu masana'antu ta Najeriya da aka kafa tun 1971. Na ce masa yaro, gwamna da minista kake lissafi, ubanka kansila ne, mota ma sai an tura. Duk da haka na gode, ka sa na yi dariya a lokacin da nake buƙatarta.

Godiya ta musamman ga dattijon da ya yi aiki a kamfanin mulmula ƙarafa na Jos, ya kuma yarda ya yi mana jawabi duk da ciwon ƙafa. Da ya fara tuna yadda ake narka kuza a Makeri, da yadda kamfanin NASCO ya fara da saƙa buhu a 1963, da cikar kasuwar Taminus kafin gobarar 2002, na ga samari sun ajiye waya suna saurare. Wasunsu ba su san garinsu ya taɓa zama haka ba.

Na gode wa liman da fasto da suka buɗe mana taro da addu'a, da 'yan'uwanmu na Bukuru da suka taso cikin sanyin safiya, da masu kujeru da rumfa da suka ƙi karɓar ko kwabo. Uwargida, ke kika sha ɗawainiyar baƙin da ke sallama bayan isha'i, Allah ya biya ki. Wanda na saɓa wa a shekarun nan ya yafe min, musamman sakatare, da nake kira tun kafin asuba.

Sabon shugaba, littafin asusu da hatimi na hannun ma'aji. Makullin ofis ɗaya ya rage a aljihun babbar rigata, gobe bayan azahar zan aiko yaro da shi. Baba mai niƙa kuma, ka ce in zo ka gwada ni ɗaura bel. Ina nan tafe ranar Laraba in sha Allahu.