Asabar, gidan Hajiya

Safiya dai ba labari. Koko da ƙosai, wanki, Auta ya sake ɓoye min caja. An kawo wuta, kafin in gama guga an ɗauke.

Bayan La'asar muka tafi gaishe da Hajiya. Tunda aka sa mata sola gidan ya zama tasha, kowa ya shigo soket yake fara nema kafin ya tsuguna. Ta sa aka kawo fura, tana ba mu labarin jinyar maƙwabciyarta, ɗakin kuwa sai "Allah sarki" ke tashi, kawuna duk a sunkuye. Can ta yi shiru. Sai ta ce, "Ku faɗa min tsakani da Allah, gaisuwa kuka zo ko caji?"

Aka kwashe da dariya. Yaya ta ce, "Hajiya, wallahi kasuwa ce, masu sayen atamfa ke min magana a WhatsApp." Gaskiyarta, da wayar take biyan kuɗin makarantar yara. Hajiya ta ce, "To su masu sayen ba su da iyaye?"

Anti ta Gusau ce ta ɗauko zancen 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba saboda 'yan bindiga. Ta ce da farko hannu kan kai kansa aljihu, alhali an san ba sabis. Daga baya hirar ƙofar gida ta dawo, yara suka koma wasan dare. Na fara cewa ai kun huta, ta katse ni: "Hutun me? POS ya tsaya, ɗanka na kan hanya ba ka san ya sauka ko bai sauka ba. Ko maƙiyina ban yi wa fata ba."

Tun a Napep abin ke cina. Ba wanda ya kira mu a ɗakin nan, ba saƙon gaggawa, in ka cire Yaya. Hannun nan ne da Anti ta faɗa. Hajiya ta haura tamanin, kuma ba wanda ya tambaye ta ƙarshen labarin maƙwabciyar.

Na kashe sanarwar TikTok da ta zauren 'yan ajinmu. Wayar a kicin za ta kwana, Oga na min dariya wai za mu gani.

Gobe biki, tela bai gama ɗinki ba.