Inna ta manta ni

Jiya a Ƙofar Sauri, Inna ta dube ni ta ce, "Ɗan wane ne wannan?" Ni da ta goya! Amma waƙoƙin niƙa na ƙuruciyarta, ko baiti ba ta rasa ba.

Likita ya ce cutar Alzaima ce, mai sa mantuwa. A ƙwaƙwalwa akwai sinadarin gulutamet mai kai saƙo tsakanin jijiyoyi. In ya buɗe wasu ƙofofi a jikin ƙwayoyin jijiya da ake kira NMDA, haɗin jijiyoyin ya ƙara ƙarfi, sabon abu ya zauna a ƙwaƙwalwa. In ya yi yawa kuwa, kamar a wannan cuta, sinadarin kalshiyam ya kwarara ciki har ƙwayar ta mutu. Maganin Memantin da likitan ya rubuta ɗan tare ƙofar yake yi, ba ya warkarwa.

Na ce, "Inna, jikanki ne." Ta yi murmushi, ta miƙo min goro.