Rahotanni Uku a Kan Damina Ɗaya

Har yanzu idan na tuna ranar da muka gabatar da rahotannin nan uku a gaban magadan gari da wakilan manoma da makiyaya, sai in ji kunya ta rufe ni, domin kuskuren nawa ne, kuma da a ce na yi tambaya ɗaya tak a farkon aiki, da ta hana shi faruwa.

An ɗora mini nauyin daidaita tallafin da ƙasashen waje ke bayarwa don tsara shirin jure wa sauyin yanayi na wani yanki a kudancin Nijar. Irin waɗannan tsare-tsare sun samo asali ne daga taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Kankun na ƙasar Meziko a 2010, kuma tun daga 2016 asusun yanayi mai hedikwata a Koriya ta Kudu ya ware har dala miliyan 3 ga kowace ƙasa mai tasowa don rubuta nata. Saboda haka kuɗi ba su ne matsalarmu ba. Masu ba da tallafi uku muka samu: ɗaya ya ɗauki binciken noma, ɗaya na ruwa, ɗaya na kiwo, kowa da ƙwararrensa da kwangilarsa da ranar rufe littafin kuɗinsa. Na kwashe watanni ina sasanta su a kan kuɗin zama na mahalarta taro, da jadawalin tafiye-tafiye, har da tambarin wanda zai zo farko a bangon rahoto, ina ganin wannan shi ne daidaitawa. Ban taɓa tambayar ƙwararrun da waɗanne shekaru za su kwatanta ruwan saman yanzu ba.

Duk wanda ya san tarihin damina a Sahel ya san nauyin wannan tambaya. Shekarun 1950 da 1960 na yalwar ruwa ne, sannan fari ya biyo baya, mafi muni a 1973 da 1984, daga shekarun 1990 kuma ruwa ya fara dawowa. Ƙwararren noma ya auna yanzu da shekarun yalwa, sai ya rubuta cewa ruwa ya ragu, ya ba da shawarar gero mai saurin nuna da rabin wata da tassa, wato ramukan da ake haƙawa a gona don tare ruwan sama. Ƙwararren ruwa ya auna da 1971 zuwa 2000, waɗanda fari ya cinye, sai ya rubuta cewa ruwa ya ƙaru, ya nemi magudanai da shingen kare ambaliya. Na kiwo ya yi amfani da 1991 zuwa 2020, ma'aunin da Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta koma kansa a 2021. Bugu da ƙari, ɗaya ya lissafa alƙalumansa gunduma-gunduma, ɗaya bisa kwarurukan ruwa, ɗaya bisa burtalai da makiyaya, ta yadda ko taswirorinsu ba za a iya ɗora ɗaya kan ɗaya ba.

Na karanta rahotannin kafin taro, amma ɗaya bayan ɗaya na karanta su, makonni a tsakani, kuma kowanne shi kaɗai ba shi da aibi. Wani dattijon magajin gari ne ya miƙe bayan jawabi na biyu, ya kira ni ɗansa cikin ladabi, ya ce shi dai yana son ya san abin da zai koma ya faɗa wa mutanensa: ruwan nan raguwa yake yi ko ƙaruwa? Ɗakin ya yi tsit. Ƙwararrun biyu kowa ya kare lissafinsa, kuma kowa yana da gaskiya, ni kuwa da ke zaune a kan kujerar shugabancin taron ba ni da abin cewa.

Na ɗauka gyaran na mako biyu ne, a sake lissafi a kan ma'auni ɗaya. A nan na gane zurfin ramin da na haƙa wa kaina. Kwangilolin sun ce a miƙa rahoto, ba su ce a miƙa ɗanyen alƙaluman da aka gina rahoton a kansu ba. Ƙwararru biyu sun riga sun koma ƙasashensu da jadawalinsu a cikin kwamfutocinsu, ɗaya daga cikin masu tallafin ya rufe shekarar kuɗinsa, wani kuma ya ce sai hedikwatarsu ta ba da izini kafin a saki bayanan da ma daga tashoshin auna ruwanmu aka ɗebo su. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, kuma har yau bai huce ba. Tun 2005 aka sanya hannu a sanarwar Paris kan ingancin agaji, wadda ta ce ƙasar da ake taimaka wa ita ce mai shiri kuma masu tallafi su daidaita kansu, amma a aikace na ga an fi saurin yarda da jerin tambura fiye da sakin jadawali guda. Kafin mu fita daga wannan rikici damina ɗaya ta wuce, an kammala kasafin shekara ba tare da ko layi ɗaya daga shirinmu a ciki ba.

Wanda ya cece mu wani matashin ma'aikacin yanayi ne na gida, wanda ya yi horo a AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da ruwa da noma da ke Yamai, wanda kuma ban taɓa gayyatarsa taron masu tallafi ba domin ba shi da kuɗin da zai kawo. Ya koma kan rajistocin tashoshi ya sake lissafin komai a kan 1991 zuwa 2020, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Abin da ya fito shi ne abin da manoman ɗakin nan suka daɗe da sani: jimillar ruwan shekara ba ita ce damuwar ba, yadda yake sauka ne. Yana zuwa da ƙarfi a 'yan kwanaki ya kwashe gona da gidajen ƙasa, kamar yadda aka gani a ambaliyar Yamai ta 2020, sannan ya ɗauke bayan shuka har tsiro ya ƙone a sake neman iri. Ashe rabin wata da magudanai duk ana bukatarsu, wani lokaci a gari ɗaya, haka ma sassaben zamani da manoman Maraɗi da Damagaram suka daɗe suna yi don raya gawo da sauran itatuwa a gonakinsu.

Tun daga lokacin ba na barin a sa hannu a kowace kwangilar bincike sai duk masu tallafi sun amince da shafi ɗaya mai ɗauke da abubuwa uku: shekarun da za a yi awo da su, rabon ƙasar da za a yi lissafi a kansa, da sharaɗin cewa ba za a biya kason ƙarshe na kuɗin ƙwararre ba sai ɗanyen alƙaluman sun shiga hannun ma'aikatan gida. Masanin yanayi na gida shi ke rubuta shafin, ba ni ba. A aikin da ya biyo baya, wani mai tallafi ya ƙi amincewa da sharaɗi na uku, yana cewa dokokinsu ba su tanadi haka ba, kuma abokan aikina sun matsa mini in sassauta kada kuɗin su kuɓuce. Na riƙe takardar wata biyu a kan teburina. A wata na uku suka aiko da ita da sa hannu.