Tsuntsaye dubu uku da suka ƙi tashi a kan allo

Shawarar da aka fi maimaita mini lokacin da na fara koyon yin zane da rubutun kwamfuta ita ce kada in wahalar da kaina da karatun algoridim, wato tsarin matakan da kwamfuta ke bi ta warware aiki, domin wai wannan aikin masu neman a ɗauke su a manyan kamfanoni ne, shi kuwa mai son zane ya isa ya buɗe p5.js, kayan aikin yin zane da rubutun kwamfuta, ya yi ta gwaji har abin ya yi kyau. Na karɓi wannan shawara hannu bibbiyu, kuma na fahimci inda ta samo asali. Tun da Casey Reas da Ben Fry suka fara Processing, manhajar yin zane ta hanyar rubutun kwamfuta, a jami'ar MIT a 2001, har zuwa lokacin da Lauren McCarthy ta kawo wannan tunani cikin burauza da p5.js, manufar ita ce a cire wa masu zane tsoro, su rubuta layuka kaɗan su ga siffa ta bayyana nan take. Wannan manufa ce ta jawo ni, kuma har gobe ina girmama ta. Abin da ban yarda da shi ba yanzu shi ne yadda aka miƙar da ita har ta zama cewa mai zane ba ya bukatar sanin yawan aikin da yake ɗora wa na'ura.

Aikin da ya nuna mini haka shi ne kwaikwayon tashin garken tsuntsaye, wanda Craig Reynolds ya ƙirƙiro a 1986 ya kuma gabatar a SIGGRAPH, taron masana zanen kwamfuta, na 1987. Dokokinsa uku ne kuma sanannu ne: kowane tsuntsu ya kauce wa cin karo da na kusa da shi, ya bi alƙiblar da maƙwabtansa suka dosa, ya kuma riƙa matsowa tsakiyarsu. Rubuta su bai ba ni wahala ba. Da tsuntsaye 300 komai yana tafiya sumul, sai dai garken bai yi kama da abin da nake nema ba, domin abin da nake so shi ne wannan baƙin gajimaren da ke naɗewa yana warwarewa a sararin sama, wanda ba ya samuwa sai tsuntsaye sun kai dubbai. Sai na canja lamba ɗaya tak, na mayar da 300 ta zama 3,000, kuma nan take komai ya tsaya cik. Tsuntsayen sukan daskare a wuri ɗaya, su yi tsalle zuwa gaba, su sake daskarewa, fankar kwamfutar tana ta gurnani, kibiyar linzami ma da ƙyar take motsawa.

Na ɓata lokaci mai yawa ina neman matsalar a inda ba ta nan, domin duk abin da aka koya mini ya shafi abin da ido ke gani ne. Na cire fikafikan tsuntsayen, na mayar da su ɗigo-ɗigo, na kashe launi, na rage girman allon, amma sauƙin da na samu bai taka kara ya karya ba. Da na tambayi waɗanda suka riga ni, wani ya ce burauza ba ta da ƙarfin irin wannan aiki, wani ya ce in sayi sabuwar kwamfuta, wani kuma ya ce in koma wani yaren rubutu. Babu wanda ya ce mini in ɗauki biro in ƙidaya, kuma wannan ne ya fi ci mini rai har yau, domin lissafin bai wuce layi biyu ba. A rubutuna, kowane tsuntsu yana auna nisansa da kowane tsuntsu kafin ya san su wane ne maƙwabtansa. Idan tsuntsaye 300 ne, awo 89,700 ke nan a kowane hoto cikin jerin hotunan da ke samar da motsin. Idan 3,000 ne, awon ya kusa miliyan 9. Ana bukatar hotuna 60 a kowane sakan kafin motsi ya yi santsi a ido, wato na'urar tana da ƙasa da milisakan 17 ta gama kowane hoto, ni kuwa na ba ta awo sama da miliyan 500 a sakan ɗaya. Na ninka tsuntsaye sau goma, aiki ya ninku sau ɗari, kuma ko da na sayi kwamfutar da ta fi tawa sauri sau biyu, da ba ta kai ni ko'ina ba.

Maganin shi ne a raba allon gida-gida, faɗin kowane gida daidai da iyakar nisan da tsuntsu ke iya gani. A farkon kowane hoto sai a rubuta kowane tsuntsu a gidan da yake ciki, sannan idan zai nemi maƙwabta ya duba gidansa da gidaje takwas da ke kewaye da shi kawai, tun da duk wanda ya wuce nan ya yi masa nisa. Ban taɓa dokokin nan uku ba ko da harafi ɗaya, amma tsuntsaye 3,000 suka tashi. Daga baya da na karanta takardar Reynolds da kaina, sai na tarar cewa tun a 1987 ya yi magana a kan yadda aikin ke ninkuwa da yawan garke, ya kuma ambaci wannan dabara ta rarraba tsuntsaye cikin gidaje. Darussan da na bi sun ɗauko dokoki ukun ne suka bar gargaɗin, saboda tsoron kada su firgita mai koyo.

Irin wannan yanke magana a tsakiya ya yi yawa a cikin al'adar masu rubutun kwamfuta. Kowa ya haddace gargaɗin masanin kimiyyar kwamfuta Donald Knuth na 1974 cewa gaggawar ƙara wa rubutu sauri tun lokaci bai yi ba tana jawo ɓarna, kuma an karanta mini shi fiye da sau ɗaya a lokacin da garkena ke daskarewa. Amma a wurin da ya faɗi haka, ya ce wannan ya shafi kusan kashi 97 cikin 100 na rubutu ne, kuma kada a yi sake da sauran kashi 3 ɗin da nauyin aiki ke kansu. Neman maƙwabta shi ne kashi ukun nan a aikina, kuma ma'aunin lokaci da ke cikin burauzar kanta zai iya nuna haka ga duk wanda ya buɗe shi.

Gidajen ma ba su kawo ƙarshen matsalar ba, domin aikin garke shi ne taruwa, kuma da zarar tsuntsaye sun cunkushe a gidaje kaɗan sai nauyin ya dawo. A nan ne na ci karo da binciken da wasu masana suka wallafa a 2008, bayan sun ɗauki hotunan manyan garkunan tsuntsaye a sararin birnin Rum na Italiya daga kusurwoyi daban-daban. Sun gano cewa kowane tsuntsu yana lura ne da maƙwabta shida zuwa bakwai mafi kusa da shi, ko suna dab da shi ko suna da ɗan rata. Sai na ƙanƙantar da gidajen, na sa kowane tsuntsu ya fara dubawa daga gidansa yana faɗaɗawa zuwa waje, ya tsaya da zarar ya samu bakwai. A cikin cunkoso yakan same su nan da nan, a gefen garke kuma yakan miƙa gaba har ya same su, don haka ba ya ɓacewa shi kaɗai.

Na yi wannan gyara ne domin sauri, amma abin da ya canja a fili shi ne siffar garken. Ya daina dunƙulewa wuri ɗaya, ya fara shimfiɗuwa yana lanƙwasa, kuma idan na ratsa tsakiyarsa da linzami a matsayin shaho, yakan dare biyu sannan ya koma ya haɗe. Wannan motsin ne na yi ta nema ta hanyar sauya launi da kaurin layi, alhali yana cikin yadda tsuntsu ke zaɓar waɗanda zai duba. Yanzu kafin in ƙara yawan kowane abu a zane, nakan rubuta a takarda sau nawa kowane ɗaya zai dubi sauran, in ninka da 60, in ga ko lambar tana cikin abin da na'urar za ta iya ɗauka.